Godiya Ga Duk Waɗanda Suka Yi Mana Jaje A Kan White Sox

Alhamdulillahi. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Kakar besbol ta 2024 ta rufe, ni da iyalina muna nan da ranmu a kudancin Shikago, kuma likita ya ce hawan jinin ya fara sauka. Wasa 162 aka buga, White Sox ta ci 41, aka lallasa ta a 121. Tun 1962 New York Mets ke riƙe da wannan kambu na kashi 120, mafi yawa a kaka ɗaya a besbol na zamani, su kuwa suna da uzuri domin a shekarar aka kafa su. Mu da muke nan tun 1901 muka je har Detroit ranar Juma'a 27 ga Satumba muka karɓe shi da ci 4 da 1, masu gida suna ta tsalle saboda sun samu gurbin wasannin neman kofi a kanmu. Ba sai na maimaita sauran ba, kun gani da idonku, wasunku ma ku ne kuke riga ni turo sakamakon.

Na zo ne in yi godiya, domin mutane sun yi mana kara.

Ta farko uwargida ce. Har yau ba ta gane dalilin da zai sa ƙato ya maka ƙwallo da kulki ya kama gudu yana zagaye fili ba, kuma ta daina tambaya tun watan Afrilu, lokacin da muka ci wasa 3 kacal cikin 25 na farko. Amma ba ta taɓa canja tasha ba. Idan ta ji falo ya yi tsit ta san an zura mana, sai ta miƙo shayi ta ce, "Baban yara, sannu. Gobe ma akwai?" Kullum kuwa akwai. Wannan shi ne sharrin besbol. Mai kallon ƙwallon ƙafa yana da mako guda na jinya, mu kusan kowace rana sai an fama mana ciwo. Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya raya mana zuri'a, Ya sa su tashi da son wata ƙungiyar.

Sai dattijon da ke zaune a ƙasanmu. Na san ba ya son a faɗa, amma yau sai na faɗa, Baba Tsoho kamar yadda yara ke kiransa. Baƙar fata ne ɗan asalin unguwar nan, yana yaro ya ga White Sox ta kai wasan ƙarshe a 1959 ta faɗi, ya zauna jira har 2005, sannan ya ga yaran koci Ozzie Guillén sun share Houston Astros wasa huɗu a jere sun ɗauko kofin da rabon ƙungiyar da shi tun 1917.

Daren Talata 6 ga Agusta ne ba zan manta masa ba. A lokacin an doke mu sau 21 a jere tun daga 10 ga Yuli, mun kamo Baltimore Orioles ta 1988, kuma kashi ɗaya ya rage mu zama mu kaɗai a tarihin rukuninmu. Wasan a Oakland ne, can Kalifoniya, don haka sai dare ya yi nisa a wajenmu. Na idar da isha'i na zauna ban kunna talabijin ba, wallahi tsoro nake ji. Sai na ji ƙwanƙwasa. Baba ne tsaye da tire a lulluɓe. Ashe da rana ya hau mota har titin Devon, can arewacin gari cikin ƙasar magoya bayan Cubs, kishiyar ƙungiyarmu a Shikago, da hular White Sox a kansa, don kawai ya sayo naman halal ya gasa, saboda ya san ba kowane nama muke ci ba. Ya ce, "Ɗana, irin wannan wasan ba a kallonsa mutum ɗaya. Matsa min."

Muka zauna. Andrew Benintendi ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, maki biyu, ban yi ko tari ba. Bana mun sha ganin an ba mu gaba an dawo an ƙwace. Yaron nan Jonathan Cannon ya yi jifa zagaye shida, maki ɗaya tak aka ci shi. Duk sanda ƙwallo ta tashi sama sai in runtse ido, don a ƙungiyarmu ba a da tabbacin wanda zai cafe, ko kuma su biyu ne za su yi karo ta faɗo tsakaninsu. Baba kuwa yana ta cin namansa. Da aka tashi 5 da 1 na yi kabbarar da ta tashi auta daga barci, shi kuma ya share hannu ya ce kada in saba. Gaskiyarsa: bayan kwana biyu aka sallami koci Pedro Grifol, kafin wata ya ƙare muka shiga wani jerin kashi 12. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya sa ka sake ganin kofi da idonka, Ya biya maka buƙatunka kamar yadda ka rufa min asiri a daren nan.

A cikin 'yan wasa ina gode wa Garrett Crochet, wanda ya yi ta jifa tsakani da Allah ba mai taya shi, da Grady Sizemore da aka ɗora wa riƙon ƙwaryar koci ya karɓa bai gudu ba. Dylan Cease kuma, mai jifanmu da aka sayar wa San Diego kafin a fara kaka, ya tashi ranar 25 ga Yuli, muna tsakiyar masifa, ya gama wasa sukutum ba wanda ya samu bugu a kansa. Mun gani. Allah Ya sanya alheri.

Jama'ar da muke haɗuwa a jirgin ƙasa zuwa tashar titi na 35, ban san sunayenku ba amma na san fuskokinku, har da masu rufe kai da jakar takarda. A wasannin gida na ƙarshe kun zo fili don ku shaida kashi na 121, kuna kiran mai ƙungiya ya sayar, sai yaran nan suka ƙi faɗuwa, suka doke Angels sau uku a jere, har wasu suka riƙa yi wa ƙungiyarsu ihun takaici saboda ta yi nasara. Ko kunyar ma sai da suka kai ta wani gari, aka hana mu gani. Na gode da raha.

'Yan masallacinmu da suka daina tambayata "ya wasa?" bayan sallar Juma'a, wannan ma taimako ne. 'Yan uwa na gida da ke bugo waya suna cewa "an ce ƙungiyarku ba lafiya", alhali ba su taɓa ganin kulkin besbol ba, Allah Ya bar zumunci, Ya kare ku daga irin wannan jarrabawa, Ya sa kada maƙiyinku ma ya ga kashi 21 a jere. Amin summa amin.

Akwai dai wani yayana, ba zan kama suna ba, wanda shi ne ya fara kai ni filin nan ya saya min hula da kuɗinsa. Tun watan Mayu, da aka fara jera mana kashi 14, wayarsa ba ta shiga idan ana wasa. An ce an gan shi a Wrigley, filin Cubs, da shuɗiyar rigarsu. Ban yarda ba, ban kuma ƙaryata ba. Yaya, ƙofa a buɗe take, ba a fushi da babba. Tikitin da na saya maka na wasan Angels yana nan a aljihun jakata, idan ka zo sai ka ba ni kuɗina.