Abin da na ji da tsirkiyata ta tsinke

A wani taron makaɗa daga ƙasashe daban-daban aka haɗa ni da wata makaɗiya, aka ba mu kwana 10 mu fito da kiɗa guda. 'Yar ƙasar Sin ce, tana kaɗa guzheng, wani kayan kiɗa mai tsirkiya na ƙasarsu, ni kuwa jita ce a hannuna. Ko gaisuwa sai da hannu muke yi.

Na zuba ido tana saita kayanta. Tsirkiya 21, kowace da jakinta, wato ɗan abin da ke tokare ta, tana matsar da shi har amon ya zauna. Da ta ja yatsa a kansu sai tsikar jikina ta tashi, domin na san sautukan nan. Guda biyar ne, irin waɗanda na fara koya a kiɗan bulus na baƙaƙen fatar kudancin ƙasar Amurka, ana kuma jin su a tsofaffin waƙoƙin Sikotilan da na Afirka ta Yamma. Ga kayan kiɗan da ya haura shekara 2,000 a duniya, amma kamar tare aka raine shi da jitata.

Murna ta sa na yi azarɓaɓi. Duk inda ta ɗan saurara sai in cusa nawa. Can sai ta ɗora hannuwa a cinya ta yi shiru. Kwana uku muna haka, har na fara zargin kiɗana ne bai yi mata ba, abin ya dame ni ƙwarai.

A rana ta huɗu tsirkiyata ta tsinke. Ina ɗaura wata, ita tana kaɗawa ita kaɗai, a nan ne kunnena ya buɗe. Idan ta taɓa tsirkiya da hannun dama, sai ta danna ta da na hagu a bayan jaki, amon ya lanƙwasa, ya yi rawa, ya narke a hankali. Ashe wurin da nake ɗauka fili ne, nan kiɗan nata yake. Shi nake ta binnewa.

Mu ma masu jita muna lanƙwasa amo, tsirkiyar muke turawa da yatsa. Na yi mata, ta yi dariya ta mayar mini. Daga nan muka koma kira da amshi. Ita ma sai da ta sha wuya da bugun da nake riƙewa ba sassauci, domin nata lokacin numfashi yake bi. Akwai wani sashe da ya ƙi haɗuwa sam, muka haƙura da shi.

Daren da muka hau dandamali, ita ce take buga ƙafa a ƙasa, ni kuma ina jiran amonta ya gama mutuwa kafin in shigo.