Baƙin Man da Ya Dace da Motar da Ta Sha Tafiya

Da zarar mota ta haura kilomita 120,000, sai ka ji ana cewa a zuba mata baƙin mai mai kauri, 20W-50. Ba kowane inji ne ke son haka ba.

A lamba kamar 5W-30, ta farko mai W tana nuna saurin gudun man lokacin da inji yake da sanyi. Ta biyun kuwa kaurinsa ce a zafin digiri 100. Fara da abin da littafin motar ya ce. Idan ba ta shan baƙin mai, ba ta yoyo, kada ka canja komai.

Kafin ka yanke hukunci, auna. Faka a wuri mai daidai, kashe inji, jira minti 10, zaro sandar awo ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Tsakanin alamomin biyu kusan lita ɗaya ne a yawancin motoci. Sake dubawa bayan kilomita 1,000. In ya ragu sosai, hau mataki ɗaya kawai, daga 5W-30 zuwa 5W-40, muddin littafin ya yarda.

Matsalar mai kauri da yawa ita ce jinkiri. Da safe yakan daɗe bai kai saman inji ba, ƙarfe na gugar ƙarfe. A injin da ke da VVT, wato tsarin da ke canja lokacin buɗewa da rufewar bawul, ƙananan hanyoyin mai ne ke sarrafa bawul, kauri kan hana su aiki daidai har fitilar gargaɗi ta kama.

Shuɗin hayaƙi daga salansa kuwa aikin bakanike ne, galibi ringi ko robar bawul ce ta gaji.