Ƙaramin jirgin Wushishi

Yau na raka ƙanena tashar jirgin ƙasa ta Minna, sai idona ya faɗa kan wani ɗan ƙaramin kan jirgi da aka ajiye a gefe, ya sha rana ya sha ruwa. Wani dattijo da ke zaune kusa ya ce min, "Ɗana, wannan ne ya fara tafiya a ƙasar Arewa." A Leeds ta Ingila aka ƙera shi, aka kawo shi ta ruwa, ya fara aiki a 1901 yana jan kayan gini daga Wushishi, bakin kogin Kaduna, zuwa Zungeru inda Lugga, Baturen da ke mulkin Arewa a lokacin, ke kafa hedikwatarsa. Shekara goma kenan kafin layin dogon da ya taso daga garin Baro ya isa Kano a 1911.

Na matsa na leƙa wurin da ake cusa wuta. Ɗan waje ne matsattse, mutum biyu da kyar za su tsaya, ga tukunyar ruwa a gabansu tana tafasa, ga zafin rana a kansu. Na dafa ƙarfen, ya yi zafi jau duk da ba wuta a ciki, sai na tuna kakana, Allah ya jiƙansa, da yake ba mu labarin mahaifinsa da aka kwasa aikin diga, ya dawo da kanta a tafin hannu har ya rasu. Wallahi jikina ya yi sanyi. Sunan kamfanin da ya ƙera injin yana nan a tarihi. Sunan mutanen da suka haƙa masa hanya nake so in sani.