Inuwa ma iri-iri ce

Aikin lambu nake yi a gidajen mutane a Kumasi, kuma furen da aka fi sa ni dasawa shi ne fis lili, mai koren ganye shar da farin fure mai tsinke a tsakiya. Asalinsa dazuzzukan Kudancin Amurka ne, irin na Kolombiya, inda yake tsirowa a ƙarƙashin manyan bishiyoyi.

Da zarar Hajiya ta ji an ce ba ya son rana, sai ta nuna lungun bayan tankin ruwa ta ce, "Malam, sa shi can." A can ba zai mutu ba, amma ganye kawai zai yi ta yi, shekara ta zagayo ba fure ko ɗaya. A kai shi tsakar gida kuma, ranar azahar ta ƙone masa ganye. Inuwar da yake so ita ce irin wadda ayaba ke yi wa ɗan dashen koko a gona, haske na ratsowa amma ba ya dukansa. Shi ya sa yanzu ba na haƙa rami sai na ga gida da hantsi, na sake ganinsa da la'asar. Wasu masu gidan na ɗauka jan aiki nake. Su ɗauka.

Ruwa ya fi rana kashe shi. Jar ƙasarmu tana riƙe ruwa, ga damina biyu a shekara. Saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya langaɓe, yaron gida ya zaci ƙishi ne ya ƙara masa bokiti. Nakan haɗa baƙar ƙasa da yankakken ɓawon kwakwa da kashin kaji wanda ya riga ya ruɓe, don ɗanyen yana ƙona saiwa. Kafin ban ruwa a cusa yatsa. In da danshi, a bar shi.

Daga Disamba zuwa Fabarairu hunturu kan busar da bakin ganyen, ƙura ta lulluɓe shi, sai a bi da jiƙaƙƙen tsumma. Da damina dodon koɗi ne abokin gaba, kuma da dare ake tsince shi, da tocila.

In ya cika wuri, a tone a raba gindin da hannu, kowane kashi da saiwarsa. Gidan da akwai mai rarrafe kuwa nakan ɗora tukunyar a sama, don ruwan ganyensa yana sa ƙaiƙayi da zafi a baki.