Talata a shago: bidiyon kamu da aikin kifirem

Sha'aban ya shigo, kowa na so ya ɗaura aure ya kai amarya kafin azumi, aiki ya yi mana yawa. Na buɗe shago da hantsi, na tarar akwai wuta, na kunna kwamfuta na ɗauko aikin da ya kwana: bidiyon kamun da aka yi ranar Juma'a. Dogon bidiyon mun gama tace shi mun miƙa tun jiya. Abin da ya rage shi ne gajere na minti ɗaya wanda Hajiya ta ce a fitar mata a tsaye, za ta ɗora a sitatus na WhatsApp, ƙawayen amarya kuma su kai TikTok da Instagram. Hajiya ƙanwar mahaifiyar amarya ce, ita ce uwar biki, domin amaryar 'yar fari ce, uwarta tana kara, ba ta shiga gaba a komai. Yanzu kusan kowane biki haka yake zuwa mana. Dogon bidiyo a zuba a filashi a jefa a durowa, gajeren shi duniya ke gani.

Matsalar a lissafi take. Mai kyamara ya ɗauka a kwance, faɗi 1920, tsayi 1080. Allon waya a tsaye kuwa faɗinsa 1080 ne, tsayinsa 1920. In za ka cika allon waya da hoton da aka ɗauka a kwance, abin da za ka iya ɗiba daga faɗin nan na 1920 bai wuce 608 ba. Ko kashi ɗaya cikin uku bai cika ba. Kamar mai leƙen tsakar gida ta tsagar ƙofa ne, mutum ɗaya ko biyu za ka gani, sauran gidan yana nan amma ya ɓace maka. A ɗakin taron da mata suka cika maƙil, wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Edita ne zai zaɓi wadda masu kallo za su ce ta halarci biki da wadda za su ce ba ta zo ba.

Yaron shagona ya riga ni sa hannu a aikin tun jiya da yamma. Yaro ne mai ƙwazo, hannunsa na da sauri, kuma yana son koyo. Ya fara gwada wata manhajar waya mai bin mutum da kanta, ta riƙa bin duk wadda ta fi motsi: mai liƙi, mai rawa, har da yarinyar da ke raba ruwa. Da ya ga haka sai ya dawo DaVinci Resolve, manhajar tace bidiyo da muke aiki da ita a kwamfuta, ya ce zai yi da hannu. Ina zama ya jawo kujera kusa da ni.

"Oga, na kusa gamawa, amma hoton rawa yake yi. Na rasa inda matsalar take."

Na buɗe layin kifirem, wato alamomin da ke sarrafa motsin hoto, na kilif (guntun bidiyo) ɗin farko, na ga ɗigo-ɗigo jere kamar ba za su ƙare ba. Duk inda amarya ta ɗan karkata kai ya sa kifirem, duk inda wata ta gifta ya sa wani. Kuma ba wuri guda ya sa su ba. Ya yi amfani da ma'aunin datse gefe, na hagu da nasa, na dama da nasa, sannan ya ƙara da na matsar da hoto don ya rufe baƙin da datsewar ta bari. Layi uku ke nan yake kiwo a lokaci guda, da ɗaya ya ɗan saɓa wa ɗan'uwansa sai baƙin gefe ya leƙo ya koma.

Na ce masa mu fara daga tushe. Kifirem ba komai ba ne illa ka ce wa manhaja: a daidai wannan firem ɗin, hoton ya tsaya nan. Ka matsa gaba ka sake cewa: a wannan kuma ya tsaya can. Abin da ke tsakani ita za ta cike da lissafi. Firem hoto ɗaya ne daga jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo, mu kuma muna aiki da firem 25 a daƙiƙa, don haka tafiyar daƙiƙa biyu firem 50 ce, biyu kawai za ka taɓa, sauran 48 aikinta ne. Duk kifirem ɗin da ka ƙara a tsakiya ka canza mata gudu ke nan, wani wuri ta yi sauri, wani wuri ta ja, ido kuma yana kama wannan ko da mai kallo bai san sunan abin ba. Shi ne rawar da ya gani.

Muka share su duka. Ya ɗan yi shiru, aikin awanni ne, na ga ransa bai so ba, amma bai ce komai ba.

Abu na farko da muka gyara shi ne tsarin aikin gaba ɗaya. Tun fitowar Resolve 18.1 a 2022 akwai wurin da za ka zaɓi a tsaye a saitin aiki, taimlayin, wato inda ake jera kilif, ya koma 1080 da 1920. Sai ka ce wa manhaja duk hoton da girmansa bai dace ba ta faɗaɗa shi ya cika allo, abin da ya yi saura a gefe ya fita waje. Da ka yi haka ba ka sake buƙatar ma'aunin datse gefe ko kaɗan. Allon da kansa ya zama almakashi. Abu ɗaya tak ya rage a hannunka, lambar da ke matsar da hoto hagu ko dama. Layi uku ya koma ɗaya.

Na biyu shi ne wanda na fi ɗauka da muhimmanci, kuma na daɗe kafin na bar maganarsa: yawancin kilif ba sa buƙatar kifirem sam. In amarya na zaune an rufe ta da mayafi, ka daidaita ta a tsakiya, ka ɗaga hannunka. Ta karkata, ta gyara zama, duk cikin allo take. In kana son komawa kan ƙawayenta da ke ciniki da dangin ango, kada ka ja hoton a guje daga nan zuwa can. Ka yanka kilif ɗin gida biyu, rabin farko amarya, rabin biyu ƙawaye, kowanne da inda ya tsaya. Mai kallo zai ɗauka kyamara biyu aka kai. Yanka ba ya gajiyar da ido, ja-in-ja da hoto shi ke sa jiri. Da muka bi kilif ɗin ɗaya bayan ɗaya muna danna M muna sa alama a inda motsi ya zama dole, sai ga shi wurare uku ne kacal a cikin minti ɗayan nan.

Aka ɗauke wuta ana kiran azahar. Muka je masallaci, muka ci abinci, muka dawo muka tayar da janareta.

Wuri na farko shi ne shigowar goggon ango. Ta taso daga hagu da kwalbar turare a hannu, tana tafiya a hankali irin ta manya, har ta iso kan amarya ta fesa mata. Wannan shi ne kamun, dole a bi ta. Kifirem huɗu muka sa. Na farko da na biyu lambarsu ɗaya, don hoton ya tsaya cak har ta ɗaga ƙafa. Daga na biyu zuwa na uku tafiyar ce. Na uku da na huɗu kuma lamba ɗaya, hoton ya zauna a kanta da amarya lokacin da turaren ke fita. Yarona ya ce ai na farko da na huɗu ba su da aiki, kuma gaskiyarsa, ko babu su hoton zai tsaya. Ina sa su ne don gobe, in aka ce a ƙara wani motsi a gaba ko a baya, kada sabon kifirem ya jawo hoton tun daga nesa ya lalata tsayuwar.

Sai laushin tashi da sauka. Yadda manhaja ke yi in ba ka taɓa ba, hoto yana tashi da cikakken gudu, ya tsaya kuma kwatsam. Hannun mutum ba ya riƙe kyamara haka. Muka danna maɓallin dama na linzami a kan kifirem na biyu muka sa ya tashi a hankali, na uku kuma ya sauka a hankali, muka buɗe lanƙwasar muka ɗan ja ta har gudun hoton ya yi daidai da takun goggo. Na sa ya bar mata ɗan fili a gabanta, wajen da ta dosa, kada ta zama kamar tana tura bangon allo da hanci. Ya kalla sau biyu ya ce, "Wallahi Oga kamar mai kyamara ne ya juya." Da ma haka ake so.

Na kuma gargaɗe shi kan abin da ke cin masu koyo: ka gama yanke-yankenka kafin ka fara kifirem. Kifirem manne yake da firem ɗin da ka sa shi. In ka dawo daga baya ka rage kan kilif, sai na farkon ya ɓuya a ɓangaren da ka cire, hoton ya buɗe yana tsakiyar tafiya, kai kuma kana ta neman dalili. In kuma kilif biyu daga kusurwa ɗaya aka ɗauke su, ba sai ka sake daga farko ba. Ka kwafi na farko, ka danna Alt da V a kan na biyu, ka zaɓi abin da kake son ɗauka. Akwai zaɓin ko kifirem su zauna da tazararsu ta asali, ko su miƙe su cika tsawon sabon kilif. Maɓallan baka biyu masu kusurwa da ke kusa da P kuma su ke tsallaka da kai daga kifirem zuwa kifirem, ba sai ka yi ta lalube da linzami ba.

Da la'asar Hajiya ta kira. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, ina dai fata Inna ta fito a gajeren nan? Tun daga Rano aka ɗauko ta, ƙafarta ma ba lafiya." Na ce, "Ranki ya daɗe, wace ce a ciki?" Ta ce mai farin mayafi, can ƙarshen layi ta dama, a kan kujerar roba.

Na koma asalin hoton na kwance na same ta. Kakar amarya ce, tsohuwa ƙwarai, carbi a hannu, tun daga farkon kilif har ƙarshensa ba ta motsa ba, sai leɓenta kawai. Babu manhajar da za ta zaɓe ta da kanta. Premiere Pro, wata manhajar tace bidiyo, yana da Auto Reframe tun 2019, Resolve na kuɗi yana da Smart Reframe, dukansu suna bin mutum su datse hoto da kansu, kuma suna da amfani sosai ga mai magana shi kaɗai a gaban kyamara ko ɗan wasa a fili. Amma fuska da motsi suke bi, ba su san dangantaka ba. A bikin Bahaushe sau da yawa wadda ta fi kowa daraja ita ce ta fi kowa natsuwa, kuma can gefe take zama.

Nan muka fi daɗewa. Da farko yarona ya kawo shawarar a sa dukan hoton na kwance a tsakiyar allo, sama da ƙasa a cike da kwafinsa mai dishi-dishi. Dabara ce mai kyau, mun yi amfani da ita a hoton dangi na ƙarshe. Amma a nan fuskar Inna za ta ƙanƙance har ba mai gane ta a waya. Sai muka yi mata tafiya ta musamman. Hoton ya fara a kan amarya bayan an ɗaga mayafi, ya tsaya daƙiƙa ɗaya, ya taso a hankali ya bi layin mata zuwa dama, daƙiƙa huɗu, firem 100, ya sauka a kan Inna ya zauna daƙiƙa biyu cur. Na so in ɗan matso da ita kusa, amma hoton ba zai ɗauka ba. Tun wajen cika allo an riga an faɗaɗa shi kusan ninki 1.8, in aka ƙara sai fuska ta narke. Muka bar ta yadda take. Muka dai ɗan duba kada fuskarta ta faɗa ƙasan allo ko can gefen dama, inda rubutu da maɓallan TikTok ke rufewa.

Abin da nake fata masu ƙera manhajojin nan su ƙara sauƙaƙawa shi ne mutum ya riƙa ganin dukan hoton na kwance yana aiki, da akwatin tsaye a kansa yana ja da hannu, abin da ke waje ya ɗan dushe amma kada ya ɓace. Dynamic Zoom na Resolve ya kama hanyar, akwatin kore mafari, ja maƙura, ka ja su kawai. Resolve 20 da ya fito a 2025 kuma ya zo da sabon allon kifirem mai faɗi, ya rage matsin da ake sha. Kafin su cika min wannan fata, dabarata ita ce buɗe allo biyu, in danna F asalin kilif ya fito a hagu, ina kallon wanda na bari a dama, ina kallon waɗanda na fitar a hagu. Na ce wa yarona daga yau wannan doka ce a shagon nan, ba a datse hoton biki da allo ɗaya.

Muka fitar da bidiyon bayan magariba, na tura wa kaina a waya na kalla tukuna, domin abin da ya yi kyau a babban allo wani lokaci a waya sai ya canza. Na tura wa Hajiya. Ta aiko da saƙon murya tana sa albarka, ta ce a yi mata irinsa na yinin biki da na kai amarya kafin Alhamis.

Na kira mai kyamaranmu kafin in rufe shago. Akwai biki ranar Asabar, na roƙe shi ya ɗauka a 4K, faɗi 3840 tsayi 2160. A nan yankin tsaye yana kai faɗin 1215, ya wuce 1080 ɗin da waya ke buƙata, har da ɗan rarar matsowa ba tare da hoto ya lalace ba. Ya ce katinsa zai cika da wuri, na ce zan ba shi nawa guda biyu. Na kuma ce da ya isa ya nemi uwar biki ta nuna masa manyan gida, kowacce ya ɗauke ta ita kaɗai ko da daƙiƙa biyar ne, a tsakiyar hoto.