Ranar da wuta ta ɗauke wa Fijon mahaifina a Mashi

Fijo 504 ce, haɗin Kaduna, wadda mahaifina ya bar mini, Allah ya jiƙansa. Ba na fita da ita sai da dalili mai ƙarfi. Ranar ɗaurin auren ƙanen matata ne ya sa na kama hanyar Daura daga Katsina, muka tsaya sallar la'asar a Mashi. Da na dawo na murɗa makulli, shiru. Ko jar fitilar batir ba ta kama ba. Na danna hon, babu. Na kunna manyan fitilu, su ma babu.

Batir na fara zargi, ga shi bai fi wata huɗu da saye ba. Samari suka tura ta har sau uku, ko tari ba ta yi ba. Na koma kan fiyus ina zaro su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa a hasken rana, duk lafiyarsu lau. Kusan awa guda na ɓata a nan, alhali kowane fiyus ɓangarensa yake tsaro, ƙonewar guda ba za ta kashe mota gaba ɗaya ba.

Wani dattijo mai gyaran wayar mota aka kira mini. Ya zo da mita, abin auna ƙarfin wutar batir, a aljihun riga da ƙwan gwaji mai jela. Tambayarsa ta farko: "Alhaji, fitilun nan suna kamawa da ba makulli?" Na ce masa, "Suna kamawa, Baba." Ya ce to mu bar makulli ya huta, tunda abin da ba ya bi ta kansa ma ya mutu. Saura hanyar da kowa ke bi: batir, kawunansa biyu, da manyan wayoyi biyu.

Ya ɗora mita a kan batir, ta nuna volt 12.6. Batir cike yake. Ya bar jar wayar mita a jikin kan batir mai alamar ƙari, ya kai baƙar jikin inji, nan ma ya ga 12 da ɗoriya. Na ce to ai komai daidai ne. Ya girgiza kai, ya ce in kunna manyan fitilu in bar su a kunne. Nan take lambar ta faɗo kusan sifili. Mita ba ta jan wuta, in ji shi, ko silin waya ɗaya ya rage zai ishe ta; sai an ɗora wa waya kaya ake sanin gaskiyarta. Wannan maganar ce ta fi zauna mini, domin da ni kaɗai ne da na yarda da lambar farko na koma neman laifi a wani wuri.

Ya ɗauko wayar haɗa batir, ya maƙala bakinta guda a jikin kan batir ɗina mai alamar ragi, ɗayan a ƙarfen inji. Fitilu suka haska bangon masallaci. Baƙar wayar da ke mayar da wuta daga jikin mota zuwa batir ita ce ta ci amana. Daga waje sumul take. Da ya yanka robar da reza kusa da inda aka ɗaure ta da noti, wani koren gari ya zubo a tafinsa kamar kuka, jan ƙarfen cikin yana marmashewa.

Ya yanke wurin da ya ci, ya goge mazaunin notin har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure, ya shafa giris. Murɗawa ɗaya ta tashi, mita ta nuna 14, alamar tana caji. Ya ja mini kunne cewa wannan na kai wa gida ne kawai, kuma duk ranar da zan taɓa batir in fara cire kan ragi.

Bayan isha'i muka shiga Daura. Washegari na sa sabuwar waya mai kauri, na ƙara wata daga inji zuwa jikin mota. Guntun tsohuwar yana nan cikin akwatin kayan aikin mahaifina, tare da mitar da na saya a makon.