Sunan ubangida a kan dutse

Makon jiya 'yar autata ta dawo daga makaranta da aikin gida, wai ta zana salsalar gidansu har inda aka iya kaiwa. Na kira Baffa a Katsina ta WhatsApp. Tsohon nan ya jero mana kakanni bakwai ko numfashi bai ja ba, har da laƙabin kowa da sana'arsa. Yarinya ta cika takarda, ta juya bayanta.

Ranar Asabar muka fita shan iska Lexington, tafiyar kamar rabin awa a mota daga Boston. A filin tsakiyar garin ne aka fara ɓarin wuta a yaƙin neman 'yancin Amurka, da asubahin 19 ga Afrilu, 1775. 'Yan sa-kai ne, wajen mutum 77, manoma da masu sana'ar hannu, kowa da bindigarsa irin harba-ka-ruga, suka tsaya gaban sojojin Ingila da ke kan hanyar Concord don ƙwace makamai da albarushi. Kafin rana ta ɗaga an kashe takwas, goma sun ji rauni.

Shugabansu, Kyaftin John Parker, asalinsa a rubuce yake tsaf. Kakan kakansa Thomas Parker ya iso daga Ingila a 1635. Shi John an haife shi a 1729, kuma da tarin fuka a ƙirjinsa ya fito filin. Cikin Satumbar 1775 cutar ta kai shi kabari. Ɗan'uwansa Jonas Parker a filin ya faɗi. Jikan John, Theodore Parker, ya zama limamin coci mai zafin adawa da bauta. Kusan rundunar ma dangi ce, gidan Parker, gidan Munroe, gidan Harrington, sun auri juna sun haifi juna, kamar dai unguwa ɗaya a cikin birni.

Amma ba wurin Parker na daɗe ba. Kusa da tsohon masaukin Buckman, inda 'yan sa-kan suka jira wayewar gari, akwai wani dutse da aka kafa a 2008 don tunawa da Prince Estabrook. Baƙar fata ne, bawa a gidan Benjamin Estabrook. Yana cikin sahun nan, harsashi ya same shi a kafaɗa. A takardar da aka buga lokacin ta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka raunata, bayan sunansa an ƙara cewa baƙar fata ne, abin da ba a yi wa sauran ba. Da ya warke sai ya koma, ya yi ta fita yaƙi har 1783, shekarar da kotun Massachusetts ta karya ƙashin bayan bauta a jihar. Ya rasu ɗan 'yantacce a 1830, an binne shi a garin Ashby.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan. Estabrook na ubangidansa ne. Duk wanda ya bi wannan suna yana neman tsatson Prince, a gidan masu shi zai ɓulle, ya yi ta ƙirga kakannin wasu. Mu ma ba baƙin wannan ba ne, a ce "bawan gidan wane" sunan uba ya ɓace, shi ya sa ban ɗaga hanci ba. Na dai tsaya ina kallon dutsen, iskar sanyi na kaɗa mini hula.

Autar tawa ta karanta rubutun da ƙarfi, ta juyo ta ce, "Baba, shi wa zai kira ya faɗa masa kakanninsa?" Na ce ta ja zif ɗin rigarta, sanyi ya yi yawa. A mota ta ɗauko takardar aikinta, ta sake ƙirga namu da yatsa, bakwai.